Hannayen da Yalwa Ta Kulle

A wani zamani mai nisa an yi wani gari a bakin babban kogi, ana kiransa Tungar Ɓaure. Wata ranar kasuwa da hantsi, sai hayaniya ta yanke a layin mahauta. Mutane suka ruga, suka tarar da Sarkin Fawa a tsaye, wuƙa a sama, baki buɗe, ya ƙame kamar an sassaƙa shi da itace. Ƙuda na sauka masa a ido bai iya ko ƙiftawa ba, amma idon na motsi, yana bin jama'a da kallo, hawaye na zuba. A gabansa ga wani ɗan siririn mutum yana goge yatsunsa biyu a gefen riga.

Wata mai sayar da daddawa ce ta fara gane shi. Ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Barmo ne, na gidan maɗora!"

Barmon da suka sani yaro ne mai i'ina, marar jiki, wanda duk garin ya mayar abin dariya. Ubansa maɗori ne, amma da zai rasu bai bar masa sana'ar ba, sai ya damƙa ta ga yayarsa Yalwa, don ita ce hannunta ke jin ƙashi. Wata shekara a filin kokawa, Nomau ɗan fito, mijin Yalwa, ya ɗaga Barmo sama ya zagaya fili da shi, mata na guɗa, yara na kwaikwayon i'inarsa. Washegari aka nemi Barmo aka rasa. Ga shi yau ya dawo bayan shekaru, ba i'ina, ba murmushi.

Ya dubi taron ya ce, "Na je bayan ƙasar Sin na koyo abin da zai hana mutum dariya. Wa ya rage?"

Kafin kaka ta wuce, garin ya zama nasa. Bai riƙe takobi ba, bai tara mayaƙa ba. Wanda ya ɗaga masa murya, sai ya dangwale shi a gefen wuya ya bebance. Wanda ya ɗaga masa hannu, sai ya taɓa shi a ƙarƙashin haƙarƙari ya zube. Dagaci ma ya tattara iyalinsa ya ƙetare kogi. Nomau kaɗai ya tare shi a mashigi ya ce jirginsa ba zai ɗauki azzalumi ba. Barmo ya taɓa shi a ƙeya da gadon baya. A kan ƙyaure aka kawo shi gida.

Yalwa ta bi jikin mijinta gaɓa-gaɓa. Ba karaya, ba targaɗe, ba ƙashin da ya goce. Ta shafa man da ubanta ya bar mata, ta gasa, ta ja, ta tofa addu'a. Nomau na kwance yana kallonta, sai kunu da take ɗura masa kaɗan-kaɗan. Da ta ga ya fara ƙanjamewa, ta yafa mayafi ta tafi gidan dagaci inda Barmo ya tare.

Ta same shi a zaure shi kaɗai. Ta durƙusa, abin da ba ta taɓa yi masa ba, ta ce, "Barmo, ya yi maka laifi, na sani. Ni ma ina wurin ranar, ban hana ba. Ka rama. Yanzu ka sake shi."

Ya kalli ƙasa. Ya ce, "Yaya, ban iya ba."

"Ba ka iya ba, ko ba ka so?"

"Ban iya ba. Kullewa na koya. Da aka zo kan buɗewa, ban tsaya ba. Me zan yi da ita?" Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "In kina so, hanya na nan. Gurbin nan na ƙasan mashigi inda ruwa ke juyawa, ki faɗa ciki da rana tsaka. Amma waɗanda za ki tarar a can, kada ki ce musu kin san ni."

Ta biya ta ɗakin mahaifiyarsu don sallama. Yalwa 'yar fari ce, Inna ba ta sakar mata fuska, Barmo kuwa shi ne auta. Inna tana kaɗi, ba ta ɗago ba, ta ce, "Ke, duk abin da za ki koyo, ki koyo. Amma da suna yi masa dariya, wa ya je neman magani?"

Yalwa ta fito. Ta bar Nomau a hannun ƙanwarsa, ta ɗaura ɗamara, ta je bakin gurbi. Ta yi bismillah ta faɗa.

Ruwa ya naɗe ta, ya juya ta, ya tofar da ita a kan wani farin yashi. Ta ɗaga kai ta ga kogin yana gudu a samanta kamar rufin ɗaki, kifaye na wucewa. Can gefe wani aljani na zaune, tsawonsa ya kai giginya, gashinsa gansakuka, yana nishi, ruwa na girgiza da nishinsa.

Ya ce, "Ya ke 'yar Adam, ƙanshin jininki na san shi. Mece ce ke ga mai yatsu biyu?"

Ta tuna gargaɗin Barmo, ta kuma dubi idon aljanin ta ga ƙarya ba za ta wuce ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙanena ne, ciki ɗaya."

Aljanin ya yi ƙara har yashi ya tashi. "Ni ne Zarƙum, mai tsaron hanyar ruwa. Na kai shi a bayana don tausayi, na dawo da shi a bayana. Da muka iso, don kada wani ya bi sawunsa, ya taɓa ni a hammata. Hannuna ya mutu, na faɗi a kan dutse, kafaɗata ta fita. Faɗa mini dalilin da zai hana ni haɗiye ki."

Ta ce, "Hannun da ya kashe ya fi ƙarfina, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma kafaɗa aikina ce. Kwanta."

Ya kwanta. Ta hau ƙirjinsa, ta taka hammatarsa da ƙafa biyu, ta rungumi babban yatsansa ta ja da baya da duk nauyinta. Ƙashi ya koma gurbinsa da ƙara kamar an fasa dutse. Zarƙum ya juya wuya dama da hagu.

Ya ce, "Tun ranar ban san daɗin numfashi ba. Hau."

Ya yi iyo da ita da hannu ɗaya ta ƙarƙashin ƙasa. Suka ratsa kogin da ruwansa ke tafasa, gashin goshinta ya ƙone. Suka ratsa tekun da ba ya motsi, mai ɗauke da jiragen da mutanensu suka zama gishiri. Suka bi ta bakin wani kifi suka fita ta kunnensa. Ƙarshe ya ajiye ta a gindin wani dutse da kansa ya shige cikin girgije, ya ce, "Iyakata ke nan. In kin ji dajin ya yi tsit, ki daina zama mai rai."

Ba ta gane ba sai da ta shiga dajin gora da ke kewaye da dutsen. A ciki ta fara cin karo da mutane a tsattsaye, masu ƙananan idanu da dogayen riguna. Wani ya ɗaga ƙafa zai gudu, wani ya miƙa hannu zai kare fuska, wata tana riƙe da tulu. Tsuntsaye sun yi sheƙa a kawunansu, ciyawa ta naɗe ƙafafunsu. Waɗansu idanunsu sun bushe. Waɗansu kuwa suka juyo da ido suka bi ta da kallo, irin kallon Nomau.

Sai kukan tsuntsaye ya ɗauke. Wata farar damisa mai girman bijimi ta fito daga cikin gora. Yalwa ta shiga tsakanin mutanen nan ta ƙame, hannu ɗaya a sama. Damisar ta bi su ɗaya-ɗaya tana shinshinawa. Ta iso gare ta, ta lashi ƙwaurinta, ta kwanta a kan ƙafafunta ta yi barci. Rana ta hau, ta karkata. Tururuwa suka bi ta wuyanta suka shiga kunne. Hannunta ya yi zafi, ya mutu, ya sake yin zafi. Ƙishirwa ta manne mata harshe. Tana tsaye tana tunani, ashe abin da mijinta yake ciki ke nan, shi kuma ba ranar da damisarsa za ta tashi. Sai la'asar dabbar ta miƙe ta tafi. Yalwa ta zube, ta yi kuka ba sauti, sa'an nan ta kama hawan dutse da rarrafe.

A bisa dutsen akwai birni mai jajayen ƙofofi da rufi mai lanƙwasa kamar ƙahon rago. Ba kowa cikinsa sai iska. A tsakar babban gida ta tarar da wata tsohuwar aljana zaune a kan dakali, farin gashinta ya malale a ƙasa, hannayenta biyu na kwance a cinyarta kamar busassun rassa. Tsohuwar ta faɗi sunanta, amma sunan ya fi ƙarfin bakin Yalwa, sai ta riƙa kiranta Uwar Dutse.

Tsohuwar ta ce, "Kada ki wahalar da kanki, na san ko ke wace ce. Kin ga ɗalibaina a daji?"

"Na gan su, ya shugabata."

"Ƙanenki ya zo mini da rama da i'ina. Na buɗe masa harshe da wannan hannun. Na ga ƙunci a zuciyarsa, na ce lokaci zai wanke shi. Na koya masa inda ake tsayar da maƙiyi don ya kare kansa. Wata rana ya kwanta ya ce kansa na ciwo. Na sunkuya na sa hannu biyu a goshinsa, sai ya taɓa ni a nan da nan. Ya sauka yana kulle duk wanda ya iya buɗewa, don kada a bi shi. Ni ba na iya barin dutsen nan, hannu kuma ba ni da shi. Me kika zo nema a gidan da jininku ya kashe?"

Yalwa ta sa goshi a ƙasa ta ce, "Rabin da ya bari."

Tsohuwar ta dube ta. Ta ce, "Miƙo hannunki in gani." Ta duba tafin, ta duba kan yatsun. "Wannan hannu ya saba da jikin mai ciwo. To, saurara. Jikin ɗan Adam ƙasa ce mai koguna. Ba jini nake nufi ba, iskar rai ce ke gudu a cikinsu, daga ƙafa zuwa ka, daga ƙirji zuwa yatsa. Kowane kogi yana da wuraren da ya matso kusa da fata. Su ne makullai. A nan ake datse shi, a nan kuma ake sakinsa. Da baki zan koya miki, shi kuma zai koya miki da duka."

Ta yi kira. Wani mutum na tagulla ya fito daga ɗaki yana taku, ƙasa na amsawa. An shafe jikinsa da kakin zuma, cikinsa cike da ruwa, kowane makulli ɗan rami ne a ɓoye a ƙarƙashin kakin. In Yalwa ta danna daidai, ruwa ya tsarto, gaɓar ta tsaya. In ta kuskure, ya kai mata naushi.

Ranar farko ya karya mata haƙarƙari. Ta ɗaure kanta da mayafi ta koma. Ya gurɗa mata yatsa, ta ja shi da haƙori ta mayar. Tsohuwar na zaune tana faɗa, "Ƙasa kaɗan. Ba da ƙarfi ba, da nauyi. Ki saki numfashi kafin ki taɓa." Ta koyi makullin da ke tsakanin babban yatsa da manuni, mai sauke ciwon kai. Ta koyi na ƙasan hanci, mai tada wanda ya suma. Ta koyi na cikin wuyan hannu, mai kwantar da tashin zuciya, da na ƙasan gwiwa, mai mayar wa gajiyayye ƙarfi, da na tsakiyar tafin ƙafa. Ta koyi waɗanda ke kashe hannu, da waɗanda ke ɗauke murya, da yadda mutum zai saki nasa makullin da kansa in an datse shi. Damina ta wuce ta a can, rani ya wuce. Duk lomar da ta kai baki sai ta tuna kunun da ake ɗura wa Nomau.

Ran da ta tsayar da mutumin tagulla cak, ruwa na tsiyaya daga gaɓoɓinsa duka, Uwar Dutse ta ce, "Saura ni."

Yalwa ta durƙusa, ta lalubi ƙasan kafaɗun tsohuwar, ta danna, ta juya yatsa, ta bi kogin har wuyan hannu. Yatsun nan busassu suka motsa. Tsohuwar ta ɗaga hannayenta tana kallonsu kamar baƙi. Suka sauka daji tare har iyakar inda aljanar ke iya takawa, suka saki waɗanda ke da sauran rai. Kaɗan ne. Sauran suka binne su.

Yalwa ta zaci za a sa mata albarka. Ta matso don sallama, sai tsohuwar ta miƙa yatsa kamar walƙiya ta taɓa ta a tsakiyar ƙirji. Wani sanyi ya ratsa ta har bayanta.

Ta ce, "Ya shugabata, me na yi?"

"Ba ki yi kome ba. Shi ma ranar da ya zo bai yi kome ba. Na daina yarda da 'yan Adam a kan alkawarin baki. Na ɗaure duk abin da hannunki zai buɗe da hannayen ƙanenki. Ki je ki kulle su. Muddin suna kulle, wanda kika saki ya saku. Ran da kika tausaya kika buɗe su, duk wanda kika taɓa saki zai koma yadda kika same shi, har ni. In kuma kika ƙi kulle su, kafin wata ya sake tsayawa hakan za ta faru."

"Uwa ɗaya ta haife mu. Da wane ido zan dube ta?"

"Da wanda na dubi kaburburan nan. Tafi."

Wata gauraka mai fiffike kamar rumfa ta sauko, ta ɗauke ta. Da suka bi ta kan hanyar ruwa, ta roƙa aka sauke ta ta saki hannun Zarƙum, sa'an nan suka wuce. Gaurakar ta dire ta a bayan Tungar Ɓaure da hantsi.

Garin ya rage. Gidaje da yawa ciyawa ta cinye ƙofarsu. Sarkin Fawa ya rasu tun tuni. Ta shiga gidanta, ƙanwar Nomau ta gan ta ta saki ƙwarya. A kan tabarma ga wani abu kamar tarin ƙirare an lulluɓe da zane, bayansa duk gyambo. Idon kawai ta gane.

Ta ce, "Maigida, na dawo."

Ta juya shi a hankali, ta sa babban yatsa a ƙeyarsa, ɗayan a gadon baya, ta saki numfashi ta danna. Nomau ya ja iska da ƙarfi kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Yatsunsa suka kama tabarma. Bakinsa ya yi rawa, ya ce, "Yalwa... ruwa." Hannuwa suka dawo, murya ta dawo. Ƙafafu kuwa sun daɗe da yawa. Ta yi iyakar yinta, ƙafafun suka iya ɗaukarsa daga ɗaki zuwa ƙofa da sanda, ba su ƙara ba. Bai sake hawa jirgi ba.

Ta bi gida-gida tana sakin mutane. Bebaye suka yi magana, shanyayyu suka miƙe. Kafin azahar labari ya kai wa Barmo. Ya same ta a bakin mashigi, jama'a sun taru nesa-nesa.

Ya ce, "Yaya, kin ɓata mini aiki. In ba sa tsorona, dariya za su koma yi."

Ta ce, "Na ga dajin gora, Barmo. Na binne su da hannuna. Su ma dariya suka yi maka?"

Fuskarsa ta canza. Ya kawo mata yatsu a wuya. Ta kauce, ya same ta a kafaɗa, hannunta na hagu ya faɗi. Ta danna nata makullin da dama, hannun ya dawo. Barmo ya ja da baya, bai taɓa ganin haka ba. Ya sake kawowa, a haƙarƙari, a cinya, a gwiwa, yana huci, yashi na tashi. Ya fi ta sauri nesa ba kusa ba. Amma duk abin da ya rufe sai ta buɗe, shi kuwa bai san yadda ake kare jiki ba, don ba wanda ya taɓa kai masa hannu. Da ya gaji ya buɗe ƙirji, ta shige jikinsa kamar za ta rungume shi. Ta ji ƙasusuwansa, sirara kamar lokacin da take goya shi. Ta sa yatsu a ƙasan kafaɗunsa biyu ta danna.

Hannayensa suka zuba a gefensa. Ya dube su, ya yi ƙoƙarin ɗagawa, ya dube ta. Ya ce, "Ya... Ya... Yaya."

Nan take mutanen da ke maƙe a bayan bukkoki suka yi ca, da sanduna da duwatsu. Har da masu kai masa gaisuwa kullum safe. Yalwa ta tsaya a kansa ta ɗaga yatsu biyu ta ce, "Wanda ya matso, zai kwana a tsaye." Suka ja da baya. Daga ranar suka dube ta da irin idon da suke dubansa. Suna zuwa in ciwo ya ci ƙarfinsu, su ajiye godiya daga nesa, amma in ta ratsa layi mata na janye 'ya'yansu.

Inna ce ta zo ta tafi da ɗanta. Ita ke yi masa wanka, ita ke ba shi abinci a baki. Bayan kwanaki ta aika a kira Yalwa.

Ta ce, "An ce kina iya buɗewa."

"Ina iyawa, Inna."

"To, buɗe shi. Ya horu."

Yalwa ta faɗa mata sharaɗin aljana, ba ta rage kome ba. Ta ce, "In na buɗe shi, Maigida zai koma tabarma. Da mai daddawa, da 'ya'yan maƙeri, da duk wanda na saki."

Inna ta ce, "Mijin naki da ya ɗaga mini ɗa sama gari na dariya? Shi kika zaɓa?"

"Ba shi kaɗai ba ne."

"Ni ɗa ɗaya na sani. Dube shi, ƙuda ma ba ya iya korewa. Ni na haife ki, ina umartarki."

Yalwa ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan hannayenta. Ta ce, "Ki gafarce ni, Inna. Ba zan iya ba."

"To, tashi. Hannun nan naki kada ya ƙara taɓa ni, ko a raye ko a mace."

Da sanyi ya shigo, ciwon ƙirji ya kama Inna, numfashi ya riƙa sarƙe mata. Yalwa ta zo da gudu. Daga bakin ƙofa ta ga inda abin ya toshe, wuri ɗaya ne a ƙasan wuya, aikin babban yatsa ne kawai. Ta durƙusa ta ce, "Inna, ki bar ni. Ba sai kin yafe mini ba, ki bar ni kawai in taɓa."

Inna ta nuna Barmo da ido, da ƙyar ta ce, "Shi... tukuna."

Barmo na zaune a gefen gado, hannaye a zube. Ya ce, "Inna, ki ba... bari ta taɓa ki. Don Allah." Inna ta juya fuska ga bango. Yalwa ta miƙa hannu duk da haka, tsohuwar ta tattara sauran ƙarfinta ta ture shi. Haka aka yi ta yi har rana ta yi tsaka. Yalwa na durƙushe a bakin gado da hannun da ya saki rabin gari, har numfashin ya tsaya. Maƙwabta ne suka yi mata wanka, Yalwa na waje tana ɗebo musu ruwa.

Bayan an watse daga zaman makoki, ba wanda ya tambayi wa zai riƙe Barmo. Ya wuni a ɗakin Inna, ba mai ba shi ko ruwa. Da la'asar Yalwa ta tuƙa tuwo, ta zuba wa Nomau nasa. Nomau ya ga ta rufe wani kwano daban, ya san na wane ne. Ya kau da kai.

Ta sami Barmo a inda aka bar shi. Ta wanke hannu, ta zauna a gabansa, ta gutsuro tuwo ta dangwali miya. Ya daɗe yana kallon yatsunta.

Ya ce, "Yaya, in na ra... rantse miki da Allah ba zan ƙara taɓa kowa ba fa?"

Ta ce, "Na yarda da kai."

"To?"

"Buɗe bakinka, tuwon na hucewa."

Ya buɗe. Haka suka rayu a Tungar Ɓaure, safe da yamma, har tsufa ya cim musu. Nan labarin Yalwa maɗoriya ya tsaya.